Josiah Pellow da Dabba Mai Bakin Agwagwa

Haihuwa da koyon sana'a

An haifi Josiah Pellow a shekarar 1764 a garin Norwich, mahaifinsa Enoch baduku ne, sunan mahaifiyarsa Tabitha. A 1778 aka kai shi Landan domin koyon sassaƙa surar dabbobi a faifan jan ƙarfe, wanda ake shafa wa tawada a buga a littattafai. Tare da wani Ambrose Kettle ya yi koyon, kuma kowa ya shaida hannun Josiah ya fi. A 1790 ya auri Dorcas, 'yar wani maɗinki.

Al'amarin fata

A 1800 wani mai buga littattafai ya kawo masa busasshiyar fatar wata dabba don ya sassaƙa surarta, daga wata ƙasa mai nisa da ake kira New South Wales, mai jiki kamar gafiya da baki irin na agwagwa, wadda masana suka raɗa wa suna filatifus.

"Wani ɗan jirgi ne ya ɗinka wannan don ya raina muku hankali," in ji Josiah. "Kai wa Ambrose, shi ba ya ƙin komai."

Ambrose ya karɓa. Da ta tabbata dabbar gaskiya ce, zanensa ya cika tagogin shaguna, masana suka riƙa gayyatarsa liyafa. Hassada ta kama Josiah har ya daina bin titin da shagon Ambrose yake, ya kuma hana ambaton sunansa a gida.

"Kai ka ƙi fa, maigida," Dorcas takan ce. "Ƙwace maka aka yi?"

"Ƙafafun ma bai iya ba! Kamar na kwaɗo!"

Ƙaura

A 1811 ya kwashi iyalinsa zuwa birnin Sydney da ke New South Wales da niyyar zana dabbar da ranta, ya kunyata Ambrose. Bayan shekara biyu yana fako a bakin kogin Hawkesbury, ya cafke namiji guda, sai dabbar ta soke shi a hannun dama da wata ƙaya mai dafi da ke ƙafarta ta baya. Hannun ya yi watanni a kumbure, yatsun suka sandare, bai sake riƙe ƙarfen sassaƙa ba. 'Yarsa Keziah ce ta yi zanen da fensir, yana tsaye a kanta yana faɗa, aka aika Landan.

A 1816 amsa ta iso daga Ambrose kansa. Ya amsa cewa nasa zanen kuskure ne, ya sassaƙa sabon da hannunsa, ya sa sunan Josiah a sama da nasa. Josiah ya daɗe yana duban takardar a bakin taga.

"Dubi gashin nan, Dorcas," ya ce. "La'ananne. Ko da hannuna lafiya ba zan iya wannan ba."

Bai taɓa mayar da amsa ba.

Rasuwa

Ya ƙare rayuwarsa yana kiwon tumaki. Ya rasu ranar 9 ga Mayu, 1829, yana da shekara sittin da biyar, aka binne shi a maƙabartar cocin Windsor, wani gari da ke bakin kogin Hawkesbury. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: Silas, manomi, da Abel, kafinta, da Keziah, wadda har yau ba a sa sunanta a zanen ba.