Maɓallin da Inna ta danna

Ƙanena, autan Inna, bai bar wayar kowa ta huta ba a gidanmu na Ƙofar Ƙwaya. A shekararsa ta ƙarshe a jami'a ya haɗa wata manhaja ya zuba mana a wayoyi: tawa, ta Inna, ta yayanmu, da kwamfutar shi autan. Ya ce babu shugaba a tsakaninsu, kowace waya ita ke tsaron maƙwabciyarta. Ni ya naɗa muguwa.

"Yaya, ki kawo mana hari. Ki turo ƙarya, ki yi shigar wayar Inna, duk sharrin da kika iya."

"Au, duk gidan nan ni ka ga ta yi kama da ɓarauniya?"

Na kuwa yi mashi aiki, wallahi har da mugunta. In na turo saƙon bogi, sauran wayoyin su kama ni, ya yi ta tsalle a tsakar gida. Ran da na wuce ba su gane ni ba kuwa, ko tuwo ba ya ci. Wata dabarar da ya koya mani ita ce in yi shiru, in karɓi saƙo in ƙi miƙawa. Don maganin wannan ya sa doka: duk wadda ta daɗe shiru, a tambayi sauran, in biyu suka yarda a kore ta. Na ce to wanda cajinsa ya ƙare fa? Ya ce shi ma ya ji a jikinsa.

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi, kafin ya kai aikin gaban malamansa.

Muna zaman makoki, kwamfutarsa na rufe a ɗaki, sai wayata ta yi ƙara. Sunansa ne, da tambaya da Turanci: wannan ya yi shiru, a kore shi? Koren maɓalli na e, ja na a'a. Yayanmu ya riga ya amince, shi dama komai ya fito dannawa yake yi. Saura ɗaya. Na ce ko shekara za ta yi tana tambayata ba zan yarda ba. Na manta da wayar Inna.

Inna ba ta karatun boko, amma ta san zanen sunan autanta. Ta gani, ta danna koren, yadda take amsa kiransa kullum, ta kara a kunne. Ina kallo sunan ya ɓace daga tawa wayar. 

Ta daɗe tana saurare. Sannan ta miƙo mani, ta ce, "Duba mani, kamar ya katse."