Sirajudeen Abdulhamid, Mai Nutso a Tekun Tobago

Haihuwa da ilimi

An haifi Alhaji Sirajudeen Abdulhamid a unguwar Nima ta birnin Accra a shekarar 1958. Mahaifinsa Malam Abdulhamid tela ne, mahaifiyarsa Aliyya kuma fataucin ƙyafaffen kifi take yi. Ya sauke Alƙur'ani a 1972, ya kammala makarantar koyon aikin jirgin ruwa a 1980, inda ya laƙanci nutso a ruwa da tukunyar iskar numfashi a baya.

Aiki da iyali

A 1988 ya yi ƙaura zuwa ƙasar waje, ya zauna a garin Laurel, ya kama aikin binciken ƙarƙashin jiragen ruwa a tashar Baltimore. Ya auri Hajiya Sadiatu a 1991. Da yake sanyi kan rage aikin tashar, daga 1999 ya riƙa zuwa tsibirin Tobago duk watan Janairu, lokacin da ruwa kan yi garau kuma da ɗumi, yana taimaka wa masu nazari ƙidayar kunkurun teku da duba lafiyar murjanin da ke tsirowa a ƙarƙashin teku.

Waƙi'ar 2016

Ranar 19 ga Janairu, 2016, ya yi nutso da hantsi tare da 'yarsa Samiha, mai shekara ashirin. Igiyar ruwa mai ƙarfi ta janye su, suka taso nesa da kwale-kwalensu, babu wanda ya hango su. Ya ɗaure ta a jikinsa, ya zubar da dalmar ƙara nauyi da ke ƙugunsu, suka yi sa'a shida a saman ruwa. Samiha ta ruwaito cewa da ta fara kuka sai ya ce, "Uwata, riƙe hawayenki, gishirin nan ya ishe mu." Da la'asar wasu masunta suka tsamo su, babu ko ƙwarzane. A daidai lokacin jama'ar da suka ji ɓatansu sun cika gidansa a Laurel ana jiran labari, kuma da waya ta iso Hajiya Sadiatu ta faɗi ta yi sujada.

Ritaya da rasuwa

Ya yi ritaya a 2020, ya koma koya wa yaran garin Landover da ke kusa da su iyo. Allah ya yi masa rasuwa a gidansa ranar Juma'a, 8 ga Maris, 2024, bayan gajeriyar jinya, aka yi jana'izarsa bayan sallar Juma'a. Da masu ta'aziyya suka taru, Hajiya Sadiatu ta ce, "Alhamdu lillahi, ba teku ce ta cinye shi ba, da hannunmu muka yi masa sutura." Ya bar 'ya'ya uku: Kamal, Samiha da Wahida. Allah ya jiƙansa.