Gauraki da Ƙwaryar Nono

Har gobe ba zan manta da yammacin da na ɗauki hoton gauraki a wata fadama kusa da Katagum ba. Lokacin ina sashen gandun daji a Azare, kafin in ajiye aiki in koma kula da gida.

Ƙa'idarmu ita ce ba a keɓe wuri saboda tsuntsaye sai da hoton shaida. An shirya yanka fadamar a yi gonaki, kwamitin da zai yanke hukunci na gab da zama, mu kuwa ba mu da hoto ko ɗaya. Da mun doso, gaurakin sai su tashi. Shugaban sashenmu, Alhaji, ya ce in wannan zuwan ma bai yi ba, shi ke nan.

A bakin fadamar muka haɗu da Inna Dija, Bafulatana mai tallar nono, ita da abokan tallarta suna komawa ruga. Da muka gaya mata matsalarmu, ta yi dariya, ta ce tsuntsayen sun sha wuyar mafarauta, amma su masu nono kullum ta gabansu suke wucewa. Ta ɗora mini ƙwaryarta, ta sa ni a tsakiyarsu.

"Yarinya, bar tafiyar 'yan ofis ɗin nan. Kuma kada ki kalle su."

Alhaji ya leƙo daga mota ya ce in hoto ya gagara, in taho musu da nono.

Bayan la'asar ne. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, rana ta yi ƙasa, haskenta ya kwanta a kan ruwa. Sai ga gauraki biyu kusa da mu, tukkayensu na walƙiya kamar zinariya, 'yan tsakinsu na bin su cikin ciyawa. Na ce Subhanallahi a zuci, na zaro kyamara daga hijabi da hannu ɗaya. Ragowar nono na bin wuyana, ban motsa ba sai da na ɗauka.

Da kwamiti ya ga 'yan tsakin a hoton, aka fasa yanka fadamar. Alhamdulillahi, har yanzu shanun su Inna a can suke shan ruwa.

Ku da kuke aikin yanzu, kyamara ba ta kai mutum kusa da dabba. Ku fara gaida waɗanda dabbar ta saba gani, in sun ɗora muku ƙwarya, ku ɗauka.