Ragon Gidan Malam Gana

Baba Muntaka bai iya ziyarar zama ba. In zai je gidan mutum sai da wani abu a hannunsa, guduma ko igiya ko wuƙa. Ka shimfiɗa masa tabarma ka ce ya zauna a gaisa, sai ya tsaya yana bin katangarka da ido, yana neman inda ta tsage. Ni mai faci ne, sunana Kamilu, gidana na jikin nasa a Yalwawa, nan cikin Dutse. Tun da na tare a unguwar ban taɓa jin ya gaya wa wani magana mai daɗi ba. Amma ranar da iska ta yaye min kwanon ɗaki, na dawo daga shago na tarar da shi a sama, ƙusoshi a baki, ya kusa gamawa.

Asalinsa mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Miga. Ya zo Dutse lokacin da aka yi jiha ana ta gine-gine, ya shiga leburanci yana ɗaukar kankare a ka. A wurin aikin ya haɗu da Malam Gana, ɗan masunta daga wajen Haɗeja, mai ƙatuwar murya da surutun da ba ya ƙarewa. Suka kama ɗaki ɗaya. Waɗanda suka san su a lokacin sun ce kullum cikin faɗa suke. Malam Gana ya ce masa kurma, shi kuma ya ce masa rediyo. Duk da haka ba a taɓa ganin ɗaya ya sa hannu a kwano babu ɗayan ba.

Shekarar da Malam Gana ya ɗauko matarsa Ya Fanna suka zauna a unguwar Takur, ya sayi ragon layya ya ce da kansa zai feɗe. Gyaran kifi ya iya, ba fiɗa ba. Kafin ya kai rabi fatar ta koma rariya. Baba Muntaka ya shigo barka da Sallah, ya dubi ɓarnar, ya karɓe wuƙar ya ce, "Matsa." Shi ke nan. Tun daga ranar, duk Babbar Sallah in an sauko daga Idi, gidan Malam Gana yake fara wucewa, nasa ragon ya jira.

Fiɗarsa irin ta da ce. In ya yanka, sai ya ɗan tsaga fatar ƙafar baya, ya zura siririn kara ya buɗe hanya, ya kafa baki ya yi ta hurawa yana bubbuga jikin ragon har ya kumbura tim. Iskar ce ke raba fata da nama, daga nan sai ta sulɓe kamar an tuɓe riga.

Da Malam Gana ya rasu, Baba Muntaka bai daina ba. Sai dai zuwansa gidan ya ragu, don babu aikin yi. Abdurrahim, babban jikan marigayin da ke aiki a Kano, ya gyara wa kakarsa gidan tsaf, ya sa ƙofar ƙarfe, ya ja famfo. Babu sauran abin da guduma za ta taɓa. Ragon nan kaɗai ya rage masa a gidan amininsa, sau ɗaya a shekara.

Bana tari ya kama shi ya ƙi saki. A asibiti aka ce ƙirji ne, kada ya ƙara yin aikin da zai sa shi haki. Safiyatu, 'yarsa da ke kula da shi, ta buga wa Abdurrahim waya, shi kuma ya yi magana da mahauci. Dukansu alheri suka nufa. Da labarin ya iso wa Baba Muntaka, sai abinci ya fara komawa kicin yadda aka kawo shi.

Ranar jajiberi ina tsakiyar fama da tayoyin masu tafiya gida Sallah, bayana kamar ya ɓalle, sai na ga inuwarsa a kaina.

"Kamilu, gobe za ka kai ni Takur."

"Baba, ai an ce sun ɗauki mahauci."

"Ban tambaye ka labari ba. Babur ɗinka da mai?"

Na ce da mai. Da zan rufe shago na jefa famfon keke a buhu, don na san inda za a je a tsaya.

Da safe bayan Idi Safiyatu ta tare ni a soro. "Yaya Kamilu, na hana shi ya ƙi. In ka bari ya kafa bakin nan a ƙafar rago, ni da kai ne."

Mun tarar da ragon ɗaure a gindin darbejiya a tsakar gida. Mahaucin ya ce sai bayan azahar, gidaje sun yi masa yawa. Abdurrahim ya fito cikin farar shadda sai ƙamshi yake, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Kaka, bana hutawa za ka yi. Ga kujera can a inuwa, ga lemo mai sanyi."

Baba Muntaka ya dubi kujerar kamar an nuna masa makara.

Sai ga Zakiyya, ƙanwar Abdurrahim, da ludayi a hannu. "Lale, angona ya iso! Ina barka da Sallata? Ko bana ma wuƙa ka kawo min?"

"Amaryar da ba ta iya tuwo ba wa zai ba ta barka da Sallah?"

"Ka ji shi! Haƙora nawa suka rage maka da za ka raina tuwona?"

Ya Fanna ta fito daga ɗaki tana dogara sanda. Ta tsufa, amma muryarta na nan. Suka gaisa a taƙaice kamar kullum, sannan ta juya kan jikanta.

"Wa ya ce ka ba shi kujera? Wannan ko a gidan biki a tsaye yake cin abinci. Kwance masa ragon."

"Iya, Anti Safiya ta ce likita ya hana."

"Hurawa aka hana. Wa ya hana yanka?"

Ni da Abdurrahim muka kayar da ragon muka danne. Baba Muntaka ya yi bismilla ya yanka. Na je bakin famfo wanke jinin da ya fallatso min, ina juyowa na ga har ya tsaga ƙafar ya kafa baki. Hurawa ɗaya ya yi. A ta biyu tari ya sarƙe shi, ya zame ya zauna daɓas a ƙasa, idanunsa suka yi ja, numfashi na fita da ƙyar. Zakiyya ta sheƙa ta kawo ruwa.

Da ya dawo daidai, sai ya jawo wuƙarsa ya shiga goge ta a hankali da tsumma. Ya mayar da ita kube.

"Abdurrahim, kira mahaucinka. Kamilu, tashi mu tafi."

Na san mutumin nan. In ya fita daga gidan a haka, ba zai sake tako shi ba, ko da Sallah ko ba Sallah, don ba shi da abin da zai ce ya zo yi. Na zazzage buhuna, famfon ya faɗo.

"Baba, ga wannan. Minti kaɗan ya kumbura, kai kuma ka yi fiɗarka."

Ya dubi famfon, ya dube ni. "Abin da kake cusa wa tayar a-daidaita-sahu za ka cusa wa ragon Gana?"

"Na wanke bakinsa da omo, Baba."

"Mayar da shi buhu."

Na mayar. Raina ya ɗan sosu, don famfon nan bai taɓa ba ni kunya ba.

Ana haka sai Abdurrahim ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa Zakiyya, ya naɗe hannun 'yar ciki, ya gurfana a gaban ragon.

"Kaka, ina ake sa bakin?"

Baba Muntaka ya dube shi. Sannan ya matso, ya kama ƙafar ya nuna masa. Abdurrahim ya cika kumatu ya hura da ƙarfinsa duka, iskar ta kufce ta gefe da wata irin ƙara mara daɗin faɗa. Zakiyya ta ƙyalƙyale har ta riƙe ciki.

"Yaya, kai ne ko ragon?"

"Matse fatar da hannu biyu!" Baba Muntaka ya daka masa tsawa. "Haka kakanka yake, baki ƙato amma sai surutu. Sake!"

Ya sake. Wannan karon cinyar ragon ta ɗan tasa. Ya yi ta yi har jijiyoyin wuyansa suka fito, sannan ya saki ya ce duniya na juya masa. Baba Muntaka ya toshe ramin da babban yatsa, ya waiwayo kaina.

"Kai mai faci, kai da iska ce sana'arka, zo nan."

Shekara da shekaru ina ba tayoyi iska, ban taɓa yi da bakina ba sai ranar. Gashin rago a leɓe, ƙarni a hanci. Muka riƙa karɓa-karɓa ni da Abdurrahim, Zakiyya na bubbuga duk inda tsohon ya nuna mata da sanda, tana yi tana ce masa tun da aka ɗaura musu aure bai taɓa sa ta aiki mai daɗi kamar wannan ba. Ya Fanna na daga zaune tana ba da umarnin da babu mai bi. Da ragon ya yi tim, ƙafafu a sama, Baba Muntaka ya ɗaure ƙafar da zare, ya sa aka kifa masa turmi ya zauna, ya zare wuƙa.

Fiɗa ba ta son ƙarfi, hannu take so, hannun kuwa na nan. Yana tsagawa yana kama hannun Abdurrahim yana tura masa dunƙulen tsakanin fata da nama. Farar shaddar nan ta tashi daga aiki. Fatar ta fita ɗungurungum babu huji ko ɗaya. Abdurrahim ya buga wa mahaucin ya ce ya yi zamansa.

Zakiyya ta gasa hanta ta kawo da yaji. Muna ci Ya Fanna ta yi gyaran murya.

"Malam Muntaka, ƙyauren ɗakin awakina ya karkace. Na yi magana har na gaji, yaran nan sai su ce za su turo kafinta daga Kano."

Abdurrahim ya ɗago. "Iya, wane ƙyaure? Ai wancan watan aka…"

Sandarta ta sauka a ƙaurinsa. Ya haɗiye sauran maganar tare da hantar.

Baba Muntaka ya ce, "Akwai ƙusa a gidan?"

"Babu."

"Zan zo da ita."

A gida Safiyatu ta tsare ni da ido ta ce ya hura ko bai hura ba. Na ce sau ɗaya. Na sha faɗan da ban ci ba ban sha ba. Da muka zo kan nasa ragon na fara naɗe hannun riga, sai ya ce, "Ɗauko famfonka. Wannan ai nawa ne."

Bayan Sallah na kai shi Takur da gudumarsa. Ƙyauren lafiyarsa ƙalau, illa maƙalarsa ta sama da aka ɓanɓare, sawun ƙarfen da aka yi aikin da shi sabo fil a jikin katakon. Na gani, shi ma ya gani. Ya zaro ƙusoshi ya kama aiki. Aikin da bai kai a sha shayi ba ya ja shi har la'asar, Ya Fanna na gefe a kan tabarma tana ba shi labarin yadda Malam Gana ya taɓa faɗawa kogi da sabuwar hula, shi kuma yana gyara mata inda ta yi ƙari.

Yanzu duk Laraba da wuri nake rufe shago, masu tayoyi na ta mita. An yi akurkin kaji, an yi ƙafar kujera. Jiya Zakiyya ta bugo ta ce igiyar shanya ta tsinke. Na ce mata igiya ai ɗaure ta kawai ake yi, ko ita za ta iya. Ta ce ta sani, in kawo shi ya ɗaure.