Malama Yagana, Wadda Ta Nemo wa Golarmu Muryarta

Duk Talata da Alhamis, kafin ƙarfe bakwai na safe, keke napep yakan sauke Malama Yagana a ƙofar makarantarmu, wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a nan cikin Bauchi. Daga Ƙofar Ran take fitowa, buhu mai ƙwallaye huɗu a kafaɗa, bokitin toka a hannu. Tokar ta murhun maƙwabtanta ce, gida-gida take bi ta kwaso. Da ita take zana layukan filin wasa. In ta gama sai ta bi filin a sunkuye tana tsince ƙaya da fasassun kwalabe, sannan ta wanke hannu ta shiga aji ta koyar da labarin ƙasa. Bayan an tashi, ta koma fili da yaranta har la'asar.

Shekara talatin da biyar ke nan tana aiki, goma sha shida daga ciki tana riƙe da ƙungiyar ƙwallon ƙafarmu. Ƙarshen wannan watan za ta yi ritaya. Ba wanda ya naɗa ta koci, ba kuma wanda ya taɓa tambayarta ina take samun toka. Mun saba da masu zuwa ranar ba da kyauta su yi dogon jawabi a kan ci gaban 'ya mace, a ɗauki hoto, su shige mota. Su kam an san sunayensu. Yau sunan wannan baiwar Allah nake so a sani. Na yi wasa a ƙarƙashinta, yanzu kuma ina koyarwa tare da ita, don haka abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Babbar wahalar horar da yaranmu ba gudu ba ne, ba kuma bugu ba. Shiru ne. Yarinya 'yar aji huɗu za ta samu ƙwallo ga raga a buɗe, sai ta hango 'yar aji shida, ta tura mata a hankali tana cewa, "Anti, ga shi." In wata ta faɗi, duk su tsaya su yi mata sannu, abokan karawa kuwa su wuce su ci.

"Ku yi mata sannu bayan an hura usur!" haka Malama take ihu. "Ba gidan suna kuka zo ba!"

A bana aka samu gola irin wadda ba mu taɓa samu ba. Radiyya sunanta, doguwa, 'yar aji huɗu. Iyayenta makiyaya ne a wata ruga kusa da Zungur, ita kuma tana zaune wurin goggonta a Gwallameji saboda karatu. Ƙwallo ba ta kuɓuce mata. Sai dai za ka yini da ita ba ka ji kalma biyar daga bakinta ba.

A wasanmu na biyu a gasar makarantun cikin gari aka yi mana bugun kwana. Radiyya ta taso, kaftin ɗinmu Habibatu mai tsaron baya ita ma ta taso. Babu wadda ta yi magana. Suka yi karo a sama, leɓen Habibatu ya tsage, haƙori ɗaya ya fita, ƙwallo ta gangara raga. Da aka tashi, Radiyya ta cire safar hannunta ta ajiye a gaban Malama.

"Na daina," in ji ta. Ran nan ta tafi ruga.

Ba mu da wata gola. Shugabar makaranta ta ce in mako biyu ya cika ba a samu ba, za a janye sunanmu daga gasar. Ita ce kuwa gasar Malama ta ƙarshe. Ni da bakina na ce a ƙyale yarinyar, tsoro ne ya kama ta. Na yi kuskure, kuma ina jin kunyarsa har yau.

Malama ta tara yaran ta ce, "Abu ɗaya nake so na gane. Me ya hana ta kiran Habibatu ta ce ta kauce?"

Sai Salma ƙawar Radiyya ta ce, "Malama, sunan innarta ne fa, wato mahaifiyarta. Ko a aji ba ta faɗarsa, sai dai ta taɓa mata kafaɗa."

"To ai sai ta ce 'tawa ce', kamar yadda na koya mata."

"Ta ce a gidansu ko ƙwaryar fura ba a cewa tawa ce. Rashin kunya ne."

Malama ta girgiza kai. Sannan ta ce, "Wata biyar ina yi wa yarinyar nan tsawa, ban taɓa tambayarta ba."

Ranar Asabar ta ce in raka ta. Muka hau mota zuwa Zungur, daga nan muka taka a ƙasa. Mahaifiyar Radiyya ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo kindirmo. Ba mu gama gaisawa ba sai muka ji wata murya daga can bakin rafi, mai ƙarfi, mai tsawo, har tsuntsaye suka tashi daga kan marke.

"Wule! Wuuule!"

Malama ta ajiye ludayi. "Wace ce wannan mai lasifika a wuya?"

"Ai golarku ce," in ji uwar tana dariya. "Maraƙi take kira, ya nufi gonar mutane."

Da Malama ta zayyana mata abin da ya faru, sai matar ta kama baki. "Yanzu sunana ne ya cire wa 'yar mutane haƙori? Subhanallahi! To ita ma da wauta. Mai sunan inna ai Inna ce. Ta kira ta Inna mana."

Radiyya ta iso ta durƙusa gefe, kanta a ƙasa. Malama ba ta yi mata faɗa ba. Cewa ta yi, "'Yata, da kika kira maraƙin nan, don ki nuna wa duniya naki ne kika kira shi?"

"A'a, Malama. Don kar ya yi ɓarna."

"To haka 'tawa ce' take. Ba rowa ba ce. Cewa kike yi wa 'yar'uwarki, ki huta, na ɗauke miki wannan. Da kin faɗa ran nan, da Habibatu na da haƙorinta."

Mahaifinta, Malam Hammajoda, yana daga gindin bishiya yana saurare. Ya ce, "In dai ba zagi za ta yi ba, ta buɗe bakin. Mu ma mun huta da wannan zaman makokin da take mana."

Litinin Radiyya ta dawo. Habibatu ta tare ta da giɓinta a waje. "Wai ni ce Inna yanzu? To daga yau sai ki riƙa durƙusa mini, kuma kullum nono ƙwarya ɗaya!" Ranar ce na fara ganin Radiyya ta yi dariya da sauti.

Ba a rana ɗaya abin ya zauna ba. Makon farko da ƙyar ake jin ta. Malama ta riƙa tsayawa a ɗaya ragar, tana cewa, "Ban ji ba! Ki ɗauka ni ce Wule!" Da gola ta fara magana, sai masu tsaron baya suka fara, sai 'yan tsakiya. Salma, wadda a da take miƙa wa manya ƙwallo, ta ci uku a wasa biyu. Muka yi canjaras ɗaya, muka ci wasa uku, muka kai wasan kusa da na ƙarshe.

Ran nan mahaifiyar Radiyya ta zo kallo, karonta na farko a filin ƙwallo. Tana zaune kan benci kusa da raga. Muna da ɗaya, su ba ko ɗaya, saura minti biyu, aka ba su bugun kwana. Ƙwallo ta taso daidai inda ta taso wancan karon. Habibatu ta yunƙura. Sai fili ya ɗauka:

"Inna!"

Daga kan benci uwar ta miƙe zumbur. "Na'am?"

"Bari, tawa ce!"

Habibatu ta duƙa, Radiyya ta cafke ƙwallon ta rungume ta a ƙirji. Har lafari sai da ya yi dariya kafin ya hura usur. Na waiwaya na ga Malama tana goge ido da gefen hijabinta.

A wasan ƙarshe an ci mu biyu da nema. Ba mu kawo kofi ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa bai yi mana ciwo ba. Amma 'yan mata goma sha takwas sun fita daga wannan gasa suna iya buɗe baki su yi magana, ba tare da ko ɗaya ta zubar da tarbiyyar gidansu ba.

Malama Yagana, mai bokitin toka, ke ce kika yarda kin yi kuskure a gaban yaran da kika girme wa iyayensu. Ke ce kika taka har ruga don ki tambaya, lokacin da mu masu sabon digiri muka yanke hukunci daga inuwar ofis. Ba ki ce wa Radiyya ta yar da kunyarta ba, hanya kika nemo mata a cikinta. Mun gode, Malama. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki lafiyar cin moriyar hutunki, Ya sa yaran nan su zama shaida a gare ki.

Mu kuwa da muka rage, mu daina yaudarar kanmu. Abubuwa nawa ne a garin nan suke faɗowa tsakaninmu kamar bugun kwana, kowa yana kallon ɗan'uwansa, har su shige raga? Famfon unguwa ya lalace, ajin da iska ta yaye wa rufi, yarinyar da ta daina zuwa makaranta ba wanda ya bi sawu. Ba kunya ce take hana mu magana ba, kada mu ɓata sunan kunya. Lalaci ne.

Jiya Malama ta wanke bokitinta ta ajiye shi a bakin fili, ta tafi abinta. Talata tana zuwa, layukan sun fara gogewa. Wa zai ce nawa ne?