Maigandi da Mamatan Unguwarsu a Jarrabawar Turanci

Maigandi ɗan gidan masu sayar da hatsi ne a kasuwar Sakkwato. Ya gama elementare, ya leƙa midil, sai mahaifinsa ya rasu, karatu ya tsaya. Daga baya ya sami aikin masinja a ofishin En'e, wato hukumar gargajiya, yana kai takardu a kan keke daga wannan ofis zuwa wancan. A kan keken nan ya yi aure, ya tara iyali.

Wajen 1957, da maganar mulkin kai ta yi ƙarfi, aka shiga neman 'yan ƙasa su hau kujerun akawu. Sharaɗin shi ne mutum ya ci jarrabawar Turanci, kuma irin su Maigandi sau biyu kawai aka yarda su gwada. Wanda ya faɗi duka biyun, shi da keke har tsufa.

A zaman farko aka ce kowa ya bayyana yadda garinsu ya sake cikin shekara goma. Maigandi ya yi murna, domin kullum yana cikin lungunan garin. Ya duƙa ya yi ta rubutu har aka karɓe takardu. Da sakamako ya fito, ya faɗi.

Yana da taubashi, Malam Siddiƙu, mai koyarwa a midil. Shi ya sa shi ya sake rubuta abin da ya rubuta a ɗakin jarrabawa, don a ga inda aka yi ɓari. Siddiƙu ya karanta, ya yi dariya har hularsa ta zame.

Maigandi ya fara ne da rijiyar unguwarsu, wadda aka cike bayan an kawo famfo. To amma bai ga yadda zai ambaci rijiyar ya bar wanda ya gina ta ba, Baba Jibrin, shi kuwa ya rasu. A gidansu ba a kiran sunan mamaci a wuce haka nan. Saboda haka ya tsaya ya roƙa masa rahama da gafara da hasken kabari, duk cikin Turancin da ya iya harhaɗawa. Daga nan ya koma kan durumin da aka sare don hanyar kwalta. A gindinsa wani tsoho ke ɗinkin hula, shi ma ya rasu, shi ma ya sami tasa addu'ar. Lokaci ya ƙare bai ko kai ga zuwan lantarki ba.

"Kai Maigandi," in ji Siddiƙu, "jarrabawa anka ce ka yi ko ta'aziyya? Wagga takarda taka ai maƙabarta ta."

"To mi nir rubuta wanda ba gaskiya ba?"

"Duk gaskiya ta. Amma mai duba takardar bai san Baba Jibrin ba. Hanya shika so, da ruwa, da wuta. Ka ce da akwai rijiya, yanzu babu, ka wuce."

"Rijiyar ita tag gina kanta?"

"Kai dai bawan gidanmu, gardama ba ta ba ka kujera."

Suka shiga zama a zauren Siddiƙu bayan la'asar. Ya koya masa yadda Turanci ke faɗin abin da ya kasance a da, da abin da aka kawar, da abin da aka gina a madadinsa. Ya nuna masa salon da ake faɗin aiki ba tare da mai aikin ba, kamar yadda mu ma mukan ce an sare, an cike, an rufa da kwano. Maigandi ya iya salon, amma bai taɓa jin daɗinsa ba. Yakan ce kamar mutum ne ya ratsa majalisar dattawa bai yi sallama ba.

Zama na biyu ya zo a farkon 1959. Tambayar ta yi kama da ta farko: a kwatanta wata unguwa, yadda take a da da yadda take yanzu. Maigandi ya bi abin da aka koya masa. Ya rubuta an cike rijiya, bai sa sunan kowa ba. Sai dai abin da ya hana alƙalami, baki ya ɗauka. Duk inda ya zo kan wurin wani mamaci, sai leɓunansa su motsa, ya yi masa addu'a ƙasa-ƙasa, sannan ya ci gaba.

Dokar ɗakin kuwa, wanda aka ji yana magana waje zai yi, takardarsa ta tashi a banza. Mai tsaron jarrabawar, Malam Gidaɗo, tsohon malamin makaranta ne da ba a san shi da sassauci ba. Ya hango bakin yana motsi, ya tako ya dafa takardar.

"Da wa kaka magana?"

"Allah shi gahwarta Malam, ba da kowa ba."

"Ni na ga bakinka. Wa kaka ba amsa?"

Maigandi ya duba hannun da ke kan takardarsa. "Addu'a nika yi ma Baba Jibrin mai ginar rijiya. An hana ni sa shi ciki."

Gidaɗo ya sunkuya ya karanta layin da aka tsaya. Ya ɗago ya dube shi.

"Jibrin na Ƙohwar Rini? Shi yag gina ta gidanmu. Allah shi jiƙan shi." Ya janye hannunsa. "Saura ka yi a zucci. In na ƙara ganin leɓen nan ya motsa, waje."

Maigandi ya datse baki ya ƙarasa. A wannan karon ya kai ga lantarki, har da akwatin rediyo da motocin da ke tsayawa inda a da ake ɗaure jakuna.

Ya ci, ba da wani rinjaye ba, amma ya ci. Kafin a yi bikin samun 'yancin kai an ba shi tebur da kujera a ofishin da ya daɗe yana yi wa aike. Abokan aikinsa sun ce ya yi watanni, duk lokacin da babban akawu ya kaɗa ƙararrawar kiran masinja, sai ya miƙe tsaye kafin ya tuna ya koma ya zauna.