Apollos Mai Marfin Kwalba

Daga Allah muka fito, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, ina cikin raken da nake nomawa a fadamar Geriyo aka kira ni cewa Apollos, malamin gonarmu, ya faɗi a gidansa na unguwar Gwadabawa a Jimeta, kuma kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Na zauna a bakin kwari.

Apollos, kai mutumin Numan ne, cikin rake ka tashi, amma da ka zo mana da maganar taki dariya muka yi maka. Mu abin da muka gada shi ne a ɗebi takin yuriya da hannu a watsa, a sako ruwa. Kai kuwa kullum faɗa kake, wai rabi rana ke sha, rabi ruwa ke kai wa kogin Binuwai, rake sai dai ya ji ƙanshi. Ka ce a huda rami gefen gindi, a zuba taki marfin kwalbar lemo ɗaya, a rufe da ƙasa, kuma a raba zubin kashi uku. Ni na laƙaba maka Mai Marfi, na ce wannan aikin marasa aikin yi ne.

Sai ga shekarun da Mubi ta faɗa hannun masu tada ƙayar baya. Iyalan ƙanena suka gudo daga can suka cika mini gida, ba mu da abin dogaro sai raken nan. Yuriya kuma ta zama abin tsoro, saboda maharan na haɗa bam da ita. Ganyen rakena ya soma ɗorawa-ɗorawa, ina kallo. Da ƙyar na samo rabin buhu a kasuwar Jimeta, ka ce zai isa in na bi maganarka.

A shingen sojoji aka tsayar da babur ɗina. Wani soja ya kwance buhun, ya dube ni, ya ce ba manomin da ke kai rabin buhu gona, wannan na wani aiki ne. Aka durƙusar da ni a kan kwalta, bakin bindiga na taɓa ƙeyata. Masu wucewa, har da waɗanda suka san ni, kowa ya kau da kai, kuma ban ga laifinsu ba. A lokacin wanda aka jefa bayan mota ba a cika jin labarinsa ba. Kana bayana a hanya, da ka wuce ba wanda zai ce maka komai. Ka kafe kekenka, ka ɗaga hannuwa sama, ka matso.

“Oga, wannan mutum nawa ne. In bam ne, ni na koya mishi. Ku bi mu gona ku gani.”

Sojoji biyu suka tasa mu gaba har fadama. Kana huda rami da kara, ina zuba marfi ɗaya ina rufewa, su kuma suna tsaye a kanmu cikin rana, har kason farko ya shige ƙasa. Sauran takin suka riƙe a shinge, sai da kai da kanka ka je karɓo mini shi, zubi na biyu da na uku. Raken ya yi kauri a shekarar, yaran ƙanena ba su kwana da yunwa ba. Ba ka taɓa tada maganar ba, sai dai in ka gan ni ka girgiza mini marfin.

Bayan an yi jana'izarka matarka Keturah ta ce mana taka gonar ta kai lokacin zubi na uku, ka auna takin ka ajiye, kana shirin fita Laraba. Jiya muka je mu manoman Geriyo, Musulmi da Kirista. A bakin buhun muka tarar da marfinka, da shi na zuba har kunyar ƙarshe ta gonar. Wallahi na yi kuka.

Ubangijin da ya halicce mu duka ya dubi alherinka, ya saka maka da shi. Keturah, da 'ya'yanku Becky da Danny, da 'yan uwa na Numan, Allah ya ba ku haƙurin rashi. Raken nan ku bar mana shi, mu za mu kai shi har sara.